DUTSE BABU TSINTSIYA: TARIHIN WASAN KALIN NA MASU KEKEN GURAGU

Na san wasu za su ce ina ruwan marubucin littattafan soyayya da ƙanƙara, mutumin da ko sanyin hunturu ya ɗan tsananta sai ya nemi bargo biyu. To ku yi mini uzuri. A watan Maris na 2022 ne na ci karo da wani ɗan bidiyo a waya daga birnin Beijing: mutum zaune a keken guragu a kan ƙanƙara, abokinsa ya riƙe masa keken ta baya, shi kuma ya sa doguwar sanda ya tura wani mulmulallen dutse. Dutsen ya yi ta tafiya shi kaɗai, kowa ya zuba masa ido. Da farko dariya na yi, daga baya na shiga bin diddigi.

Sunan wasan Kalin, kuma asalinsa daga ƙasar Sikotland ne, inda tafkuna ke daskarewa da sanyi. An tsinci wani tsohon dutsen wasan a yankin Stirling ɗauke da shekarar 1511, a 1838 kuma aka kafa babbar ƙungiyar da ta tsara masa dokoki. Dutsen ya kusa kilo 20, mafi shahararsa daga wani ɗan tsibiri mai suna Ailsa Craig ake fasa shi. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, kowa da dutse biyu, ana turawa zuwa wani da'ira da ke can ƙarshen fili mai tsawon kamar mita 45, wanda suke kira gida. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiyar gida shi ke da maki.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A wasan masu ƙafa, da zarar an saki dutse sai mutum biyu su bi shi a guje da tsintsiya suna goge ƙanƙarar da ke gabansa. Gugar tana ɗan ɗumama ƙanƙarar, dutsen ya ƙara nisa, ya kuma rage karkacewa. Wato idan mai turawa ya yi kuskure, akwai masu rufa masa asiri a hanya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shigowar naƙasassu fagen gasa kuwa ta biyo ta asibiti ne. Wani likita Bayahuden Jamus da ya tsere wa Hitila, Ludwig Guttmann, yana kula da sojojin da suka karye a gadon baya a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. A ranar 29 ga Yuli, 1948, ranar da ake buɗe Olamfik a Landan, ya haɗa wa mutum 16 gasar harbin kibiya daga kan kekunansu. Daga nan aka kai ga Olamfik ta naƙasassu a Roma a 1960, sai ta lokacin sanyi a Suwidin a 1976. Shi Kalin bai samu shiga ba sai can baya. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara gwada shi da keke a Turai, gasar duniya ta farko aka yi ta a garin Sursee na Suwizalan a Janairun 2002, masu masaukin baƙi suka doke Kanada.

To a nan ne abin ya burge ni. Waɗanda suka tsara dokar ba su rage nauyin dutse ba, ba su matso da gida kusa ba. Tsintsiya kawai suka cire, domin mai keke ba zai iya bin dutse yana shara ba. Dole keken ya tsaya cak lokacin turawa, kuma dole kowace ƙungiya ta haɗa maza da mata. Ashe ke nan wasan nasu ya fi na masu ƙafa rashin yafiya. Ka saki dutse, ka saki ke nan. Ƙarfin da ka sa da ɗan murɗawar da ka yi da bakin sanda su ne za su kai shi ko su tona ka a gaban jama'a.

Wannan ya sa na ji kunyar kaina. Sau nawa na sa gurgu a littafi don kawai jarumata ta miƙa masa sadaka a danja, mai karatu ya ce kai, yarinyar nan akwai tausayi? Ko suna ban cika ba shi ba. Ban taɓa rubuta gurgun da ya yi kuskure mai tsada ba, alhali hakan ne ke mayar da mutum jarumin labari.

Ga misali a Torino ta Italiya a 2006, karon farko da wasan ya shiga Olamfik ta naƙasassu. Kyaftin ɗin Birtaniya, Frank Duffy, shi ya ja Sikotland ta ci kofin duniya a 2004 da 2005, kowa na ganin zinare nasa ne. A wasan ƙarshe da Kanada dutsen ƙarshe yana hannunsa, da ya sami abin da ya auna da an gama. Dutsen ya wuce ta gefe, babu mai tsintsiyar da zai tanƙwaro shi. Kanada ta ci 7 da 4.

Daga nan Kanada ta riƙe wuta. Ta doke Koriya ta Kudu 8 da 7 a Vancouver a 2010, ta doke Rasha a Sochi a 2014. A cikinsu akwai Sonja Gaudet, wadda ta faɗo daga kan doki a 1997 ƙafafunta suka mutu, da ita aka ci zinaren nan duka uku. Kyaftin ɗinsu na 2010 da 2014, Jim Armstrong, tsohon gwani ne a wasan masu ƙafa, ciwon gwiwa da hatsarin mota suka zaunar da shi. Sai da ya koma ya koyi wasan daga kan keke.

A 2018 a PyeongChang labari ya sauya. Ƙasar Sin, wadda ba ta taɓa samun ko tagulla a gasar sanyi ta naƙasassu ba, ta doke Norwe 6 da 5 bayan ƙarin zagaye, a ƙarƙashin kyaftin Wang Haitao. Bayan shekara huɗu suka maimaita a gida, suka ci Suwidin 8 da 3. Wannan wasan ne na gani a waya har na yi dariya. A gasar 2026 ta Milano Cortina kuma aka ƙara sabon rukuni na mutum bibbiyu, namiji ɗaya mace ɗaya.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu inda muka tsaya, in Allah ya kai mu. Na dai koma babi na tara na ba mutumin bakin danja suna.