Malaman masu dabo: Daga Vernon zuwa Tamariz

A shekarar 1922, a birnin Chicago na Amurka, wani matashi ɗan ƙasar Kanada ya miƙa wa Harry Houdini ƙunshin karta, ya ce ya zaɓi kati ɗaya ya rubuta haruffan sunansa a kai.

A lokacin babu mai dabon da ya kai Houdini suna a duniya, kuma ya sha bugun ƙirji cewa babu dabon da za a yi sau uku a gabansa bai gano sirrinsa ba.

Matashin ya cusa katin a ƙarƙashin na sama, sai ga shi ya dawo sama. Ya sake, katin ya sake dawowa. An ruwaito cewa sau bakwai ya maimaita, amma Houdini bai gano komai ba.

Sunan matashin Dai Vernon. Har ya mutu bai yi sunan da Houdini ya yi a wurin jama'a ba, bai kuma tara dukiya ba. To amma a tsakanin masu sana'ar, da wuya a sami wanda ya kai shi tasiri a ƙarni na 20, shi ya sa suke kiransa Farfesa.

Mene ne dabon kusa?

Dabo iri-iri ne. Akwai na dandamali, inda ake amfani da manyan akwatuna da fitilu da mataimaka, 'yan kallo kuma suna can nesa a zaune.

Akwai kuma dabon kusa, wanda ake yi a kan tebur ko a tafin hannun mai kallo, da abubuwan da kowa ya sani: karta, tsabar kuɗi, zobe, igiya, kofuna da ƙananan ƙwallaye. A nan babu labule, babu nisa, mai dabo ba shi da abin dogaro sai yatsunsa da sanin yadda hankalin mutum yake aiki.

Masu wannan sana'a ba sa da'awar aiki da aljanu ko tsafi. Abin da suke yi rufa ido ne da saurin hannu, wanda ake samu bayan shekaru ana atisaye.

Bambanta dabo da sihiri ba sabon abu ba ne. Tun a ƙarni na 13, al-Jawbari, mutumin Dimashƙa, ya rubuta littafi da Larabci yana fallasa dabarun 'yan damfara da masu rufa ido. A Ingila ma, a 1584, Reginald Scot ya wallafa littafin da ya bayyana yadda ake wasu dabo, domin ya nuna cewa yawancin waɗanda ake tuhuma da maita ba su da wani ikon ɓoye.

Littafin da ba a san marubucinsa ba

An haifi Vernon a birnin Ottawa a ranar 11 ga watan Yunin 1894, sunansa na yanka David Verner.

Tun yana yaro ya ci karo da wani ƙaramin littafi mai suna The Expert at the Card Table, wanda aka buga a Chicago a 1902. Littafin yana bayani dalla-dalla ne kan yadda 'yan caca suke maguɗi da karta: yadda ake raba kati daga ƙasa, da yadda ake cakuɗa karta ba tare da an ɓata jerinta ba.

Marubucin ya sa wa kansa suna S. W. Erdnase, wanda idan aka karanta daga baya yake zama E. S. Andrews. Fiye da shekara ɗari ke nan masu bincike suna muhawara a kan ko wane ne shi.

Vernon ya ce ya haddace littafin tun bai wuce shekara 13 ba. Babban darasin da ya ɗauka daga ciki shi ne cewa ɗan caca mai maguɗi ba ya nuna gwaninta, domin ranar da aka ga gwanintarsa ranar kashinsa ya bushe. Dole hannunsa ya yi kama da na kowa.

Wannan ne ya zama ginshiƙin koyarwar Vernon: duk motsin da mai dabo zai yi a ɓoye, ya zama ya saje da motsin da mutum yake yi a al'ada. Idan ɗaukar kofi zai yi, to ya ɗauka kamar mai shirin shan shayi.

Ya kuma koyi abubuwa da dama daga manyan da suka riga shi, musamman Nate Leipzig da Max Malini. Shi Malini an san shi da haƙurin jira. Yakan zauna a wurin cin abinci tsawon lokaci, sai hankalin kowa ya kwanta, sannan ya ɗaga hula a ga ƙaton curin ƙanƙara a ƙarƙashinta.

Farautar 'yan caca

Bayan ya koma New York, Vernon ya daɗe yana ciyar da kansa da wata sana'a dabam: yanka hoton fuskar mutum a baƙar takarda da almakashi, a wuraren shaƙatawa irin su Coney Island. Abin da ya samu kuwa yakan ƙare ne a yawon neman 'yan caca masu wata dabara da bai sani ba.

Mafi shahara a cikin waɗannan tafiye-tafiye ita ce ta 1932. Wani ɗan caca da ke tsare a gidan yari a Wichita ya ba shi labarin wani mutum da yake iya zaro kati daga tsakiyar ƙunshi yayin rabawa, abin da masana karta na lokacin suke ganin ba zai yiwu ba.

Vernon ya yi ta cigiya har ya gano mutumin, Allen Kennedy, a ƙaramin garin Pleasant Hill da ke jihar Missouri, ya kuma zauna ya koya daga gare shi.

Wannan naci bai zo a banza ba. Waɗanda suka rubuta tarihinsa ba su ɓoye cewa iyalinsa sun sha wahala ba, domin karta ta fi komai muhimmanci a wurinsa, kuma daga bisani shi da matarsa sun rabu. A farkon shekarun 1940 kuma, lokacin da ya karɓi aiki a wani wurin gini, ya faɗo ya karye a hannu biyu, abin da ya kusa raba shi da sana'ar.

Zaure a Hollywood

A 1963 'yan'uwa biyu, Milt da Bill Larsen, suka buɗe wani kulob na masu dabo a Hollywood mai suna Magic Castle. A shekarar ce Vernon ya koma can, yana dab da cika shekara 70, ya kuma shafe kusan shekara 30 yana zama a wurin.

Ba makaranta ba ce mai aji da jarrabawa. Zama ne irin na zaure: dattijo yana zaune da karta a hannu, matasa sun kewaye shi, wanda ya nuna abin da ya iya a gyara masa, wani lokaci da kakkausar murya. Wasu sun bar garuruwansu sun koma Los Angeles don kawai su kasance kusa da shi, cikinsu har da Larry Jennings da Bruce Cervon.

Jerin waɗanda suka ratsa hannunsa yana da tsawo, kuma kowa da inda ya nufa.

Ricky Jay, wanda ya mutu a 2018, ya zama ɗan wasan fim kuma masanin tarihin dabo. Wasan da ya fara a New York a 1994, shi kaɗai da kati 52, ya nuna cewa dabon tebur zai iya cika gidan wasan kwaikwayo.

Doug Henning, shi ma ɗan Kanada, ya sami tallafin kuɗi daga hukumar raya fasaha ta ƙasarsa domin ya yi nazarin dabo, ya kuma koya a wurin Vernon kafin ya yi fice a gidajen wasa na Broadway daga 1974.

Richard Turner, wanda ya rasa ganinsa tun yana yaro, ya shafe shekaru yana ɗaukar darasi a wurinsa, har ya zama ɗaya daga cikin ƙwararrun masu sarrafa karta.

Wataƙila labarin da ya fi ban mamaki shi ne na Persi Diaconis. Yana ɗan shekara 14 ya bar gida da makaranta ya bi Vernon yawo, tun kafin zaman Hollywood. Sai da ya kai shekara 24 ya koma karatu, ya sami digirin digirgir a jami'ar Harvard a 1974, daga baya ya zama farfesan lissafi da ƙididdiga a jami'ar Stanford.

A 1992 shi da Dave Bayer suka wallafa binciken da ya nuna cewa sai an cakuɗa kati 52 kimanin sau bakwai, ta hanyar raba su biyu a saƙa su cikin juna, kafin a ce sun gaurayu sosai.

Slydini da sarrafa hankali

Idan Vernon ya koyar da ɓoye motsi, Tony Slydini ya koyar ne da karkatar da hankali. An haife shi a Italiya, ya tashi a Ajantina, ya shafe shekaru da dama a New York, ya kuma mutu a 1991.

A fitaccen wasansa yakan zaunar da mutum ɗaya a kujera, ya dunƙule takarda a gabansa, sai takardar ta ɓace. Duk sauran 'yan kallo suna ganin yadda yake jefa ta ta saman kan mutumin, amma shi wanda ke zaune ba ya gani, ko sau nawa aka maimaita.

Wato ya tona asirin ga kowa, amma dabon bai mutu ba. Darasin da ɗalibansa suka ɗauka shi ne cewa ido yana bin inda hankali ya tafi ne, kuma mai dabo yana iya tsara lokacin da mai kallo zai zuba ido da lokacin da zai saki jiki.

A Ajantina kuma an yi René Lavand, wanda ya rasa hannun dama a haɗarin mota yana ɗan shekara tara. Da yake duk littattafan dabo an rubuta su ne don masu hannu biyu, dole ya ƙirƙiro dabarunsa. Ya shahara da maimaita dabo a hankali, yana ƙara rage sauri, don ya nuna cewa ba zafin nama ne sirrin ba. Ya mutu a 2015.

Makarantar Madrid

A Turai, cibiyar dabon kusa ta koma Spaniya. A can wani lauya, Arturo de Ascanio, ya shiga rubuta ƙa'idojin sana'ar kamar yadda ake rubuta na kowane fannin ilimi.

Ɗalibinsa Juan Tamariz, wanda aka haifa a Madrid a 1942, shi ya kai wannan tunani ga duniya. Su biyun suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar da ake kira Makarantar Dabo ta Madrid a farkon shekarun 1970, kuma a 1973 Tamariz ya zo na ɗaya a fannin karta a gasar duniya da aka yi a Paris.

Mutanen Spaniya sun san shi a talabijin a matsayin mai barkwanci da doguwar suma da hula. Masu dabo kuwa sun san shi ne da wata ƙa'ida: bai isa a ɓoye yadda aka yi abu ba, sai an bi duk hanyoyin da mai kallo zai iya zato, an toshe su ɗaya bayan ɗaya, har ya rasa abin da zai kama. Fitattun masu karta na Spaniya da suka biyo baya, irin su Dani DaOrtiz, daga wannan tushe suka fito.

Talabijin da intanet

Shekarar 1997 ta kawo sauyi biyu a Amurka. David Blaine ya fito da shirin talabijin inda ya kai dabon kusa kan titi, ya kuma juya kyamara ga fuskokin 'yan kallo maimakon hannunsa. Yawancin dabarun tsofaffi ne, salon nunawar ne sabo, kuma shi ne Dynamo na Birtaniya ya bi a shirinsa da aka fara a 2011.

A shekarar ce kuma tashar Fox ta fara wani shiri inda wani mai dabo da ya rufe fuska yake tona asirin sana'ar, abin da ya fusata ƙungiyoyin masu dabo.

Zuwan YouTube ya sa wannan taƙaddama ta zama ƙarama. Dabarar da Vernon ya yi tafiya mai nisa kafin ya gani a hannun Kennedy, yanzu yaro yana iya neman bayaninta a wayarsa. Shin Lim, wanda ya ci gasar duniya a fannin karta a 2015 da kuma gasar America's Got Talent a 2018, ya ce daga bidiyon intanet ya fara koyo.

Masu sukar wannan hanya suna cewa bidiyo yana koyar da motsin yatsu ne kawai, ba ya gaya wa ɗalibi cewa kafaɗarsa ta tona shi, ba ya kuma faɗin wanda ya ƙirƙiro dabarar. Wannan batu na biyu yana da nauyi a sana'ar da doka ba ta cika kare ƙirƙirar mutum ba, inda ambaton sunan mai abu shi ne kusan duk ladan da yake samu. Masu goyon baya kuma suna cewa a da sai wanda ya iya zuwa New York ko Los Angeles ne yake samun malami.

Vernon bai ga wannan zamani ba. Ya mutu a California a ranar 21 ga watan Agustan 1992 yana da shekara 98. An ƙona gawarsa, aka kai akwatin tokar Magic Castle aka ajiye.