Alƙali da Lauya Sun Bi Ta Dogon Daji

Matafiyin da ya baro Sakkwato ya miƙi hanyar Jega zai ratsa Dogon Daji kafin ya isa Tambuwal. Ba gari ba ne da direba ke rage gudu don ya kalle shi, amma mai bin tarihin shari'a a ƙasar Sakkwato dole ya yada zango a nan. A shekarun 1930 wani yaro ɗan alƙalin Gummi, Abubakar Mahmud Gumi, ya zauna a ajin elementaren garin, kuma shi ne daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Bayan kamar shekara hamsin, a 1984, wani saurayi ɗan Tambuwal, Aminu Waziri, ya fito daga Kwalejin Horon Malamai ta garin da takardar malanta mai daraja ta biyu. Shi kuma lauya ya zama. Sana'ar tasu ɗaya ce a asali, amma ƙofar da kowannensu ya ƙwanƙwasa daban ce, haka ma mai tsaron ƙofar.

Kafin su biyun, babu fom, babu ranar jarrabawa. Wanda ke son sanin hukunci a ƙasar Tambuwal, ribaɗin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ko a garuruwan Kebbe da ke maƙwabtaka da Gummi, zauren malami yake nufa bayan ya sauke Alƙur'ani. Ya fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid, sannan Askari. Mai dogon buri ya kai ga Muhtasar na Halil, littafin da gajartar lafazinsa ke sa dattijo gumi, ya haɗa da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, wanda ke koyar da yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara, da wanda shaida ke kansa da wanda rantsuwa ke kansa. Ɗalibi ya karanta layi, malam ya fassara da Hausa ko Fulatanci, gobe a ɗora. Wani ya shekara goma a haka, wani ashirin. Shugabannin jihadi ma ba su bar fagen ba: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkam don masu mulki da masu hukunci.

Tantancewar kuwa a bakin malam take. In ya gamsu ya ba da ijaza, ya ambaci malaminsa da malamin malaminsa. Sau da yawa ɗalibin yakan zauna gefen wani alƙali a matsayin muhuti yana rubutu yana kallo, har ranar da sarki zai naɗa masa rawani. Tsarin yana da kyawunsa, domin ba a ba mutum shaida sai an san halinsa. Yana kuma da aibinsa, wanda masu begen jiya ba su cika son ambata ba: alƙalanci ya riƙa zama gadon gida, ɗan manomi mai kaifin ƙwaƙwalwa na iya ƙarewa a limancin unguwa.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun sa su a ƙarƙashin En'e, suka kasa su daraja-daraja daga A zuwa D, suka yanka wa alƙali albashi, suka ce a riƙa rubuta shari'a a littafi don D.O. ya duba. Daga nan buƙatar alƙali mai takardar makaranta ta taso. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. Littattafan dai na Malikiyya ne da aka sani, sai dai yanzu akwai aji, akwai ƙararrawa, akwai jarrabawar ƙarshen shekara. A 1947 aka sauya mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci.

Shiga wannan makaranta ba a kan neman kai ba ne. En'e ce ke zaɓen yaro, ta tura shi, ta ɗauki nauyinsa, ta jira ya dawo ya yi mata aiki. Ta wannan ƙofa Abubakar Gumi ya bi: Dogon Daji, inda ya yi zamani da Ibrahim Dasuki ɗan hakimin garin, sai Midil ta Sakkwato, sai Kano, inda ya gama a 1947. Ya koyar a Maru, ya je ƙaro ilimi Bakht er-Ruda a Sudan, a 1962 kuma ya hau kujerar Alƙalin Alƙalai. Ya haɗa karatun zauren mahaifinsa da na boko, abin da ya sa ya iya zama da malaman soro ya kuma iya zama da Sardauna.

Lauya fa? A wancan zamani baƙon abu ne a ƙasar Sakkwato, domin doka ba ta yarda ya tsaya a gaban alƙali ba. Mai son wannan sana'a sai ya haye teku zuwa Landan, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen lauyoyi huɗu na can. Legas ta sami nata tun 1879, lokacin da aka rantsar da Sapara Williams. Arewa ba ta sami na farko ba sai 1955, shi ne Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori. Tazarar shekara 76 ke nan.

Gab da samun 'yancin kai abubuwa suka juya da sauri. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samu kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960. Alƙalan da suka ƙware a Muhtasar sai ga su a Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya suna koyon sashe da ƙaramin sashe. A 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da tsangayar shari'a, a shekarar kuma aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a Janairun 1963 a titin Igbosere na Legas da ɗalibai takwas kacal. Zuwa 1968 an karɓe kotuna daga hannun sarakuna an mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha. Sarki ya daina zama mai tsaron ƙofa.

Wanda ya gaje shi ba mutum ba ne, hukuma ce. An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, ta ɗauki ɗaliban farko a 1977, a 1978 kuma aka kafa JAMB don ta riƙa shirya jarrabawar shiga jami'o'in ƙasar gaba ɗaya. A wannan zamani Aminu Waziri Tambuwal ya taso. Ya karɓi digirin shari'a a 1991 daga jami'ar, wadda a lokacin ta koma Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya wuce Legas, aka rantsar da shi lauya a 1992, shekarar da Gumi ya rasu. A 2003 mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta tura shi Majalisar Wakilai, ya zama kakakinta daga 2011 zuwa 2015, sannan gwamnan Sakkwato na shekara takwas. Ko ana son siyasarsa ko ba a so, ya sa iyaye da yawa a yankin sun daina kallon aikin lauya a matsayin sana'ar mutanen Kudu masu kare mai laifi.

Yaron Kebbe ko yarinyar Kuchi da ke son shari'a a yau, hanyarsu ta fi ta su Gumi faɗi, ta kuma fi ta shingaye. Sai an sami lambar ɗan ƙasa ta NIN kafin a yi rajistar JAMB, a je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗauki hoton yatsu, wanda ga ɗan ƙauye kuɗin mota ne da yini guda. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta kacokan: darussa huɗu, maki 400, kuma akwai yaran da ranar ce za su fara dafa linzamin kwamfuta. Bayan ta akwai tantancewar jami'a, akwai kuma ƙayyadadden adadin da Majalisar Ilimin Shari'a ta yarda kowace tsangaya ta ɗauka, shi ya sa makin shari'a ke tashi sama da na yawancin kwasa-kwasan fasaha.

Shingen da ya fi ban takaici shi ne Adabin Turanci. Yawancin jami'o'i na neman kiredit a cikinsa daga WAEC ko NECO, su kuma so a zauna masa a JAMB. Sai ka ga yaron da ya sauke Risala a gaban kakansa, ya san rabon gado kamar tafin hannunsa, ya tsaya cik saboda makarantarsu ba ta da mai koyar da wasan kwaikwayon Shakespeare. Alhali a Jami'ar Danfodiyo digirin ya haɗa dokar Ingila da shari'ar Musulunci, kuma tun da Sakkwato ta faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, irin wannan yaron kotuna ke nema.

Wanda ya tsallake duk wannan zai shekara biyar a jami'a, sannan shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, a Bwari ko Bagauda ta Kano ko Yola ko wani reshen da aka tura shi. A can zai tarar da tsohuwar al'ada na jiransa cikin baƙar riga: ba za a rantsar da shi ba sai dattawa biyu daga Majalisar Manyan Lauyoyi sun sa hannu cewa mutumin kirki ne, sai kuma ya halarci liyafar cin abinci sau uku, gadon gidajen lauyoyin Landan. Tufafin ranar rantsuwa ma sai da aka yi ja-in-ja a kansu. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa, wadda ta gama Jami'ar Ilori, shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi. A Yulin 2018 aka rantsar da ita, hular lauya a bisa hijabinta.