Tsibiran Galafagos da Cinikin Man Fitila

Galafagos rukunin tsibirai ne a tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da gaɓar ƙasar Ikwado. Ko da yake suna kan layin ikwaita, ruwansu na da sanyi, saboda igiyar Humbolt da ke zuwa daga kudu, da wata da ke ɓullowa daga ƙarƙashin teku ta yamma. Wannan ruwa ne ke tara abincin kifi, shi ya sa tsuntsun fengwin ke rayuwa a wurin, tare da wani ƙadangare mai kama da damo wanda ke nutso ya ci gansakuka, babu irinsa a wani wuri.

Ɗalibai sukan haddace shekarar 1835, wadda Charles Darwin ya sauka a tsibiran. A ganina 1793 ta fi ta nauyi a tarihin dabbobin. A shekarar ne Ba'ingile James Colnett ya zagaya wurin domin nema wa mafarautan wel sansani. Wel ita ce ƙatuwar dabbar teku mai shayarwa, wadda ake narka kitsenta a yi man fitila. Nan da nan jiragen Ingila da Amurka suka yi wa yankin caa. Masifar ba ta tsaya a ruwa ba. Manyan kunkuran tsibiran na iya yin watanni ba ci ba sha, don haka matuƙa suka riƙa jibge su da rai a cikin jirgi a matsayin guzuri. A 1820 wani ma'aikacin jirgin Essex ya cinna wa tsibirin Floreana wuta; makonni kaɗan bayan haka wata wel ta nutsar da jirgin.

Ba tausayi ne ya kawo sauƙi ba. Dabbobin sun yi ƙaranci, sannan aka haƙa rijiyar mai a Fensilbaniya a 1859, kananzir ya soma karya kasuwar kitsen wel.

Doka ta zo a makare: gandun ƙasa a 1959, kariyar teku kuwa sai 1998. Ko bayan haka kasuwa ba ta janye ba, kaya kawai ta canza. A 2017 sojojin ruwan Ikwado sun kama wani jirgin ƙasar Sin a cikin yankin da aka killace, ɗauke da kimanin tan 300 na kifi, akasarinsa kifin shak.