Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Haɗa Launin Fentin Tsohuwar Mota a Garwa

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar mota gareji a Garwa domin a gyara ƙofar da ta lotsa ya san cewa buga ƙarfe ya koma daidai shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Wahalar tana ga launi. Idan mai fenti ya kuskure, ƙofar za ta fita daban da sauran jikin motar tamkar sabon faci a tsohuwar riga, kuma duk mai sayen da ya zagaya ta sau ɗaya zai gane ta taɓa yin haɗari, ya karya mata farashi. Gwanintar haɗa launi da ido, wadda garejojin arewacin Kamaru suka dogara da ita, ta samo asali ne daga abubuwa uku: irin fentin da kowane zamani ya zo da shi, da hanyoyin da motoci suka bi suka iso Garwa, da kuma abin da ranar kwarin Binuwai take yi wa launi.

Yadda launi ya hau jikin mota

A farkon ƙarni na 20, fentin mota aiki ne na makonni, domin da buroshi ake shafa shi hawa-hawa, ana jiran kowane hawa ya bushe. Kamfanin Ford na Amurka ya taƙaita wahalar ta hanyar sayar da motarsa Model T baƙa kaɗai daga 1914 zuwa 1925. Sauyi ya zo a 1924, lokacin da motocin Oakland suka fito da wani shuɗin fenti mai suna Duco, na kamfanin DuPont. Fesa shi ake yi, kuma cikin sa'o'i yake bushewa. Daga nan launuka suka yawaita, matsalar daidaita su kuma ta kunno kai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, fenti mai walƙiya ya bazu, wato wanda ake zuba wa ƙananan ɓarɓashin alminiyam. Daga shekarun 1980 kuma akasarin kamfanoni suka koma ga tsarin hawa biyu: launi a ƙasa, sannan wani fenti garai-garai mai sheƙi a samansa. Domin kada a ruɗe, kowane kamfani yana ba launinsa lamba, ya buga ta a wani ƙaramin faranti ko takarda a ƙarƙashin bonet ko a jikin ginshiƙin ƙofa. A motocin Toyota, alal misali, 040 wani nau'in fari ne, 202 kuma baƙi. Peugeot kuwa haruffa uku take amfani da su, kamar EWP ga ɗaya daga cikin fararenta.

Hanyoyin da motoci suka bi zuwa Garwa

Garwa garin bakin kogi ne, kuma kogin ne ya fara haɗa shi da kasuwannin waje. Jamusawa sun mamaye shi a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace shi a watan Yuni na 1915, daga baya ya zauna a ƙarƙashin Faransa har zuwa samun 'yancin kai a 1960. A tsawon wannan lokaci, kaya masu nauyi ta Binuwai suke hawowa daga Nijeriya, kuma sai da damina jirage suke iya isowa. Motoci kaɗan ne, mafi yawansu na gwamnati da kamfanonin ciniki.

Shekarun 1970 ne suka cika titunan garin da motoci. Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ya karkato da ayyukan raya ƙasa zuwa arewa. A 1974 layin dogo ya iso Ngaundere, inda ake sauke kaya a ɗora wa manyan motoci zuwa Garwa da Marwa, kuma a shekarar aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON mai hedikwata a Garwa. A 1975 masana'antar haɗa motocin Peugeot ta fara aiki a Kaduna. Peugeot 404 da 504, waɗanda Hausawa suke kira Fijo, suka zama motocin haya da na 'yan kasuwa a ɓangarori biyu na iyaka, kayan gyaransu kuma suna ƙetarowa ta Yola da Mubi. Yawancin motocin wancan zamani fentinsu hawa ɗaya ne marar walƙiya, launukan kuma ba su da yawa. Mai fentin da ya ƙware a kan fari da ruwan madara da shuɗi ya riƙe rabin sana'ar.

Zamani na uku ya fara ne a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Sabuwar mota ta gagari ma'aikacin gwamnati, sai kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar Duwala. A Kamaru ana yi musu laƙabi da kalmar Faransanci *congelée*, wato daskararriya, kamar kifin da ake shigowa da shi cikin ƙanƙara. A Kano kuwa 'yan Kwatano ko Beljiyam ake ce musu. Waɗannan motoci sun zo da launuka barkatai, da yawansu masu walƙiya, wasunsu ma an riga an yi musu faci tun a Turai. Aikin mai fenti ya ninku.

Abin da rana take yi wa lamba

Lambar da kamfani ya buga tana bayyana launin da mota ta fito da shi daga masana'anta ne kawai. Ko a can ɗin ma, motoci biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta kaɗan idan ba rana ɗaya ko wuri ɗaya aka fesa su ba. To, balle motar da ta shekara goma sha biyar a Garwa, inda zafin watannin Maris da Afrilu yake haura digiri 40. Wani ɓangare na hasken rana, wanda ido ba ya gani, yana lalata sinadaran fenti sannu a hankali. Ja ya fi saurin koɗewa, yakan koma ruwan hoda. Fari yana karkata zuwa rawaya. Tsohon fenti mai hawa ɗaya yana yin gari-gari kamar alli, shi kuwa mai hawa biyu fatarsa ta sama ce take saɓulewa. Ƙurar hunturu tana goge sheƙi, jar ƙasar hanya kuma tana shiga cikin ƙananan ƙofofin fentin. Rufi da bonet, da yake su ne suke fuskantar sama, sun fi ƙofofi shan wahala, har ya zama mota ɗaya tana ɗauke da launi biyu ko uku. Wanda ya sayo gwangwani bisa lamba ya fesa kai tsaye zai ga facinsa ya fi motar kyau, kuma kyan nan shi ne aibinsa.

Idon mai fenti

Saboda haka ƙwararren mai fenti yana ɗaukar lamba a matsayin mafari kawai. Yakan goge wani ɗan wuri kusa da gyaran har ainihin launin da ya rage ya bayyana, ko ya cire murfin tankin mai ya tafi da shi wurin mai haɗa fenti. Ana ɗiga baƙi ko rawaya ko ja kaɗan-kaɗan, a fesa a kan guntun kwano, a jira ya bushe, domin jiƙaƙƙen fenti daban yake da busasshe. Sannan a kara shi da jikin motar a hasken safiya ko a inuwa, saboda launuka biyu suna iya dacewa a ƙarƙashin fitila su saɓa a rana. Fenti mai walƙiya ya fi wuyar sha'ani: nisan bindigar feshi da ƙarfin iska da yawan tina duk suna sauya yadda ɓarɓashin alminiyam yake kwanciya, kuma a zafin Garwa tina tana saurin tashi, sai launin ya fito da haske fiye da yadda ake so. Dabara ta ƙarshe ita ce a bar sabon fentin ya malala zuwa cikin ƙofar da ke kusa yana raguwa, har ido ya kasa gane inda ya tsaya. A yau akwai na'urar da ake ɗorawa a jikin mota ta auna launi ta ba da ma'auni, amma tsadarta ta sa ƙananan garejoji suna nan a kan ido.

Ga ɗalibin Hausa, cinikin da ake yi tsakanin mai mota da mai fenti darasi ne a kan sunayen launi. A Garwa, Fulatanci ne harshen kasuwa, Faransanci na takarda, Hausa kuma tana da gindin zama tun ƙarni na 19, lokacin da fatake da masaƙa da marina suka zauna a garuruwan Adamawa. Tushen launi a Hausa kaɗan ne: fari da baƙi da ja, sai shuɗi da kore da rawaya. Sauran ana gina su ne da kalmar *ruwa*, wadda a nan take nufin launi, a jingina ta da abin da kowa ya sani: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan madara. Ana ƙarfafa launi da amsa-kama, a ce fari fat, ja wur, baƙi ƙirin, kore shar. Ana rage shi da maimaici, a ce ja-ja ko fari-fari. Wannan tsari na kwatance shi ne ainihin abin da mai fenti yake yi da hannunsa, domin shi ma da abin da ke gabansa yake auna launi.

Kammalawa

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma mai fenti ya fi kowa sanin haka, tunda sabon fenti ba zai taɓa zama tsoho ba, kuma bayan 'yan shekaru rana za ta sake raba su. Abin da ake biyansa a kai shi ne ya kusanto da su har ido ya gamsu. A nan ne amana take shigowa: gyaran da ya ɓoye tabo yana iya ɓoye mummunan haɗari ga mai saye. Shi ya sa gogaggen dillalin mota ba ya duba haja da dare. Yakan bari gari ya waye, ya tsuguna a gefen motar, ya bi jikinta da kallo daga fitilar gaba zuwa ta baya.