Hillbilly: Yadda Mutanen Tsauni Suka Samu Laƙabi



A gabashin Amurka akwai jerin tsaunukan Appalachia, kuma mazauna ƙauyukan cikinsu ana yi musu laƙabi da "hillbilly". Rabin farko na kalmar yana nufin tudu, Billy kuwa sunan namiji ne gama-gari, kamar a ce Audu ko Tanko. Idan ɗan birni ya furta ta, abin da yake nufi shi ne baƙauye matalauci, marar ilimi, mai saurin ɗaukar bindiga.

Labarin da ya fi yawo a kan asalinta shi ne na Sarki William na Uku na Ingila, wanda ya ci yaƙin Boyne a Ireland a 1690. Wai magoya bayansa ake kira yaran Billy, da jikokinsu suka yi ƙaura zuwa tsaunukan Amurka sai sunan ya bi su. Ƙaurar ta faru a ƙarni na 18, amma masana harshe ba su gamsu da sauran labarin ba, domin kalmar ba ta bayyana a rubuce ba sai ƙarshen ƙarni na 19, a Amurka, shekara kusan 200 bayan yaƙin. Wasu sun fi karkata ga Scotland, inda "billie" ke nufin aboki.

Abin da ke da tabbas shi ne, a 1900 jaridar New York Journal ta fassara wa masu karatunta kalmar, ta ce farar fata ne ɗan tsaunukan Alabama, marar abin hannu, mai shan barasa da harbin bindiga in ya ga dama. Ku lura da zamanin. Jaridu sun riga sun ci kasuwa da rikicin gidajen Hatfield da McCoy na shekarun 1880, kuma kamfanonin kwal da katako suna ta sayen filayen yankin da araha. Wanda aka zana a matsayin jahili, ba a cika tambayar yadda gonarsa ta fita daga hannunsa ba.

Daga baya sunan ya shiga kasuwar nishaɗi. A 1925 ƙungiyar mawaƙan Al Hopkins ta ɗauke shi, har aka riƙa kiran kiɗan karkara da shi. A 1962 aka fara wasan barkwanci na talabijin, The Beverly Hillbillies. Har yau wasu mutanen tsaunin suna tinƙaho da sunan a tsakaninsu, amma daga bakin baƙo zagi ne.

Don haka kafin ka rubuta asalin wata kalma, nemi inda aka fara rubuta ta da shekarar, domin daɗin labari ba hujja ba ne. Kafin kuma ka laƙaba wa wani tauraron labarinka suna irin wannan, bincika wa ya raɗa shi, da abin da ya samu a kai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.