Dogon da ya tuƙe a Nguru

Mai karatu, jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Gure ba, amma kakanninka sun ci moriyarsa. Dogo ya iso Kano a 1911. Daga nan Turawan Ingila suka ja masa reshe ta Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930, wajen kilomita 230.

Layi ɗaya ne tak. Sai a tasha yake rabuwa biyu, wannan jirgi ya raɓe, wancan ya wuce. A gefe kuma ga gajeren layi inda taragu ke jiran lodi.

Don gyaɗa aka shimfiɗa shi, ba don mu ba. Duk da haka raƙuman Manga sun riƙa sauke kanwa da ƙaro da fatu a Nguru, sun huta da doguwar tafiyar Kano.