Satar Wasannin Bidiyo: Darasi Daga Tarihin Ƙasar Polan

Ƴan uwa ɗalibai, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakaninmu: shin kwafar wasan bidiyo ba da izini ba tana cutar da waɗanda suka ƙirƙire shi? Wasu su ce sata sata ce, ko da ta allura. Wasu su ce kamfanin Japan ko Amurka bai ma san da zamanmu ba, to mi muka rage masa? Ni dai na ga gara mu tambayi tarihi, kuma tarihin ƙasar Polan ne ya fi ba ni haske.

Lokacin da mulkin kwaminisanci ya faɗi a Polan a 1989, samun wasa na asali a shago abu ne mai wuya. Matasa sukan tafi kasuwar kwamfuta a birnin Warso su sayi kwafe, kamar yadda mu ma muke sayen faifan PlayStation a kasuwa ba mu tambayi asalinsa ba. Sai a 1994 aka kafa dokar haƙƙin mallaka mai ƙarfi. A shekarar nan ne Marcin Iwiński, wanda shi kansa ya taɓa sayar da kwafe a kasuwar, ya haɗu da abokinsa Michał Kiciński suka buɗe kamfanin CD Projekt.

Da yake sun san kasuwar ciki da waje, sun gane dalilin da ya sa mutane ke sayen kwafe: na asali yana da tsada, kuma da Turanci yake, harshen da yawancin jama'a ba sa ji. A 1999 suka fitar da wasan Baldur's Gate da harshen Polan, shahararrun ƴan wasan ƙasar suka sa muryoyinsu. Cikin kwalin suka saka taswira da littafi da faifan kiɗa. Ga kuma wata dabara: wasan faifai 5 ne, masu kwafe kuwa kuɗin kowane faifai suke caja, don haka kwafen ma bai yi araha sosai ba. A ranar farko aka fitar da kwali 18,000. Mutanen da ake ce ma ɓarayi jiya, su ne suka zama masu saye yau.

Kamfanin bai manta darasin ba. A 2008 ya buɗe GOG, shagon intanet mai sayar da wasanni ba tare da makullin hana kwafa ba. The Witcher 3, wanda ya fito a 2015, haka aka sake shi a kwamfuta babu makulli, amma ya sayu fiye da miliyan 50.

To, kada wani ya ce shi ke nan, satar ba ta da illa. A 2013 wasu ƴan uwa biyu masu ƙaramin kamfani, Greenheart Games, suka fitar da Game Dev Tycoon a kan dalar Amurka kusan 8. Da gangan suka saki kwafen sata, wanda a cikinsa ɓarayi ke karya kamfanin mai wasa. A rana ta farko mutum 214 suka saya, 3,104 suka ɗauki na sata. Abin dariya, wasunsu har suka riƙa kukan cewa satar fasaha ta hana su cin riba a wasan! Ga mutum biyu da suka zuba guminsu, wannan lissafi ba wasa ba ne. Mu da muka ga yadda kwafar faifai ta durƙusar da masu fim ɗin Hausa na Kano, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Abin da na fahimta shi ne, illar tana bin hali. Inda babu shago, babu katin banki, kuma farashin ya fi ƙarfin aljihu, kwafe ba ta cika hana ciniki ba, don dama ba a yi niyyar sayar mana ba. Amma inda hanyar saye ta samu, farashi ya sauko, mutum ya ƙi biya, to lallai ya ci haƙƙin wani, kuma ƙananan masu ƙirƙira ne suka fi jin jiki. A cikinmu akwai masu koyon rubuta manhaja a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ran da ɗayansu ya fitar da wasa da Hausa a kan jika guda, ina fata za mu biya shi.